Wayar Kuloci da Gaggawar Cewa Ƙaddara Ce

Wayar kuloci ba ta cikin kayan da ake tinƙaho da su a jikin mota. Saurayin da ya haɗa 'yar motarsa da hannu, da injin babur da tayoyin keke napep da ƙarafan da mai walda ya lanƙwasa masa, in jama'a suka taru kallo, fenti yake nuna musu da fitilu da sitiyari. Ba mai tambayar siririyar wayar nan da ta taso daga ƙarƙashin ƙafar direba ta ratsa gefen inji. Sai ranar da ta tsinke, feda ta zube ƙasa ta ƙi dawowa, giya ta ƙi shiga, sannan maganganu biyu suke fitowa kusan a tare. Ta farko tambaya ce: a ɗaura ta a lallaɓa, ko a sayo sabuwa? Ta biyu kuwa yanke hukunci ne, musamman in motar ta zabura ta hau kan kayan wani ko ƙafar wani: ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A ganina tambayar an yi ta a karkace, hukuncin kuma gaskiya ne da ake gaggawar faɗa tun lokacinsa bai zo ba. Abin da addini ya ɗora wa mai motar, hankali kuma ya yarda da shi, shi ne ya binciko abin da ya tsinka wayar. Wanda ya san dalili, faci na iya halatta gare shi. Wanda bai nema ba, ko sabuwa dal ya ɗaura, nauyin yana nan a wuyansa.

Fasalin wayar tsoho ne. Ernest Bowden ya yi rajistar fasaharta a Ingila a 1896 domin birkin keke, kuma har yau ba a yi mata wani babban sauyi ba: waya a ciki, kube a waje. Ta cikin tufkakkiya ce daga siraran wayoyin ƙarfe, wata sili 19, wata 49. Kuben kuma ƙarfe ne da aka naɗe aka lulluɓe da roba. In direba ya taka feda, ta ciki ta ja, kuben ya tokare, hannun da ke jikin giyabos ya motsa ya raba farantin kuloci da inji; in ya ɗaga ƙafa, sifirin ya mayar da komai mazauninsa. Ita ce a hannun hagu na kowane ɗan kabu-kabu mai Bajaj Boxer tsakanin Achida da Goronyo, ita ce kuma a ƙarƙashin fedar tsofaffin motocin Golf da ke jigilar mutane a hanyar. Abin lura a nan shi ne tufkar. Da sandar ƙarfe ɗaya ce, da sai a yarda ta karye farat ɗaya. Waya mai sili da yawa kuwa ɗaya bayan ɗaya suke mutuwa, kuma duk wanda ya tafi ya bar wa na baya ƙarin kaya. Kafin na ƙarshe ya saki, feda ta yi tauri, ko ta fara ƙara. Giya ta soma gardama wajen shiga. An ɗaure notin saiti yau, jibi ya sake neman ɗauri. In aka shafa kusa da kan wayar, sili da ya barbaje ya soki yatsa. Da wuya a sami wani abu a mota da ke yin sallama kafin ya tafi kamar wannan waya.

Dalilan tsinkewar ma sanannu ne, kuma motar haɗin gida ta fi kowace mota tara su. Kan wayar, wato ɗan dunƙulen da ke maƙale a jikin feda, dole ya riƙa juyawa a gurbinsa duk lokacin da aka taka. In gurbin ya matse ko ya bushe, wayar ce za ta riƙa lanƙwashewa a wuri ɗaya sau dubbai har ƙarfen ya gaji. In aka bi da kuben ta kwana mai tsanani don wuri ya ƙure, ta ciki za ta yi ta gugar bango. In ya kusanci salansa, zafi ya narkar da robar ya ƙone giris. Ƙurar hunturu in ta haɗu da baƙin mai cin ƙarfe take yi, ruwan fadama kuma in ya shiga kube da damina sai tsatsa. Akwai wasu biyu da suka fi addabar mai haɗi. Wayar babur don yatsu huɗu aka yi ta. In aka ɗaura ta a feda, aka kuma manta da saka abin da zai tare fedar in ta kai iyaka, ƙarfin cinyar ƙato gaba ɗaya a kan wayar yake sauka. Ɗayan ya fi ɓuya. In inji yana zaune a kan roba, ba a kuma haɗa shi da jikin mota da kakkaurar wayar da wutar batir za ta koma ta cikinta ba, to wutar tayar da inji za ta nemi wata hanya, sau da yawa kuma wayar kuloci take samu. Sai ta yi ta ɗaukar zafi a kowace kunnawa har ta mutu, mai mota yana ta tsine wa ɗan kasuwar da ya sayar masa da ita.

Wanda ya fahimci wannan zai ga inda tambayar farko ta karkace. Sabuwar waya in ta bi tsohuwar kwana, ta kwanta kusa da salansar da ta gasa ta farko, irin mutuwar ta farko za ta yi, sai dai ta ɗan jinkirta. Sannan a motar haɗin gida babu ma wata waya da aka yi don ita. Ba lambar da za a kai kanti a ce a ba ni irin wannan. Duk wadda aka sayo sai an yanke ta, ko an ƙara mata, ko an yi mata sabon kai, wato sabuwar ma faci ce tun ranar farko. Facin kuma kala-kala ne. Wanda ya kai wayar bakin wutar walda ya kashe taurin ƙarfen, za ta saki daga gefen ɗaurin. Wanda ya bari dalma ta gangara cikin tufkar ya sandarar da wurin da ya kamata ya riƙa lanƙwasa. Wanda ya gajarta ta har ɗan sararin da ake bari a feda ya ɓace, ya sa farantin kuloci zai yi ta santsi har ya ƙone, an tsira da kuɗin waya an shiga na faranti. Gwani kuwa yakan zura wayar cikin kan, ya barbaza silin a cikin ramin, sannan ya cika da dalma, irin wannan kuma yakan yi ƙarko ƙwarai. Tsohuwar Buswaja da aka fara haɗawa a Legas a 1975, wadda masu haɗa mota a ƙasashe da yawa suka mayar ginshiƙin aikinsu, tana da wani ɗan lanƙwasa da aka bari da gangan a kuben wayar kulocinta. Mai son tsafta in ya miƙar da shi, motar ta fara karkarwa wajen tashi. Ilimin yana cikin lanƙwasan, ba a rubuce a jikin ƙarfen ba, kuma irin wannan ilimi ne mai haɗi yake rasawa in ya kwaso kaya daga mota biyar ya tara a ɗaya.

To, yanzu ga ƙaddara. Tauhidin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan Sakkwato da Wurno na Ash'ariyya ne, kuma mai neman kare sakaci yakan ɗauka a nan ya sami mafaka. Ba malamai ne suka ce wuta ba ta ƙona komai da ikon kanta ba? Haka ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa na raddi ga masana falsafa: abin da ido ya gani shi ne haɗuwarsu da ƙunar da ta biyo baya, mai ƙonawar kuwa Allah ne. Ibn Rushdi na Kurɗuba, alƙali Bamalike da ya rasu a 1198, ya mayar da martani cewa wanda ya soke dalilai ya soke ilimi da kansa. Ba a kan wayar kuloci za a raba wannan gardama ba, ba kuma a bukatar a raba ta, don babu ɓangaren da ya ce a bar duba waya. Shehu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahina, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukunci uku a rubuce-rubucensa na tauhidi: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Na al'ada shi ne abin da maimaituwa ta tabbatar, kamar abinci da ƙoshi, ko wuƙa da yanka. Allah ne mai yi, amma a kan wannan tsari ya saba yi, kuma tsarin ba ya saɓawa sai in ya ga damar keta shi, kamar yadda ya yi wa Annabi Ibrahim da wuta. Waya mai guga a kwana ta tsinke, al'adar Allah ce a kan ƙarfe. Wanda ya ga sili ya barbaje, ya loda fasinja ya ce Allah ya kiyaye, a haƙiƙa yana roƙon a keta masa al'ada ne, abin da ake yi wa annabawa, don ya huta da sayen waya. Gazalin da ake fakewa da shi ma, a babin tawakkali na Ihya'u, wanda ya zauna gaban abinci yana jiran ƙoshi bai miƙa hannu ba, hauka ya kira aikinsa. Masu bin Ibn Taimiyya kuwa ba su da ko wannan ƙofar, tunda shi kai tsaye ya tabbatar da cewa Allah ya sanya ƙarfi da tasiri a cikin sabubba.

Za a ce ai ajali ba ya gaba ba ya baya. Wanda kwanansa ya ƙare, ko wayar zinariya aka ɗaura sai ya tafi. Ba musulmin da zai ja da wannan. Amma shari'ar da ta koyar da shi ita ce dai ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Wanda aka kashe bisa kuskure ajalinsa ne ya zo, babu tantama, duk da haka dangin wanda ya yi kisan za su haɗa diyya, shi kuma ya yi azumin wata biyu a jere in bai sami bawan 'yantawa ba. Da ambaton ƙaddara yana share alhaki, da wannan hukunci bai da wurin zama a Alƙur'ani. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, kuma da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Balaraben da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umarnin ɗaurewa aka fara ba shi. Shi ya sa malamai suka ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kan laifi ba. A tabarmar makoki, ko a gefen gadon wanda ya karye, kalmar magani ce, tana hana baƙin ciki ya zama saɓo. A bakin mai mota kuwa, tun ba a ɗaga bonet an duba ba, aikinta ɗaya ne: ta rufe bincike. Kuma in aka rufe bincike, kwanar da ta tsinka wannan waya tana nan tana jiran ta gaba.

Fiƙihun Malikiyya da almajiran ƙasar nan suke haddacewa ya yi wa irin wannan lamari tanadi tun ba a san mota ba. A Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, mahayin dabba da mai janta da mai kora ta duk suna lamunce abin da ta taka, domin ragamar a hannunsu take. Malamai sun yi maganar katangar da ta karkata: in aka gargaɗi mai ita, ya sami halin gyarawa bai gyara ba, ta faɗa kan wani, to biya ya kama shi. Abin da ya raba shi da wanda katangarsa ta faɗi ba zato shi ne gargaɗi, kuma mun ga wayar kuloci ita da kanta take gargaɗin. Sannan ga hukuncin da mazhabar ta yi suna da shi, na lamunin masu sana'a. Asali wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma Imamu Malik ya ware maɗinki da marini da maƙeri da ire-irensu masu karɓar aikin jama'a, ya ce su za su biya abin da ya lalace a hannunsu sai in sun kawo shaidar cewa ba su da hannu. Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya kafa misali da wannan wajen bayanin maslaha: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu ga mai sana'a, ba sa kuma ganin abin da yake yi in sun juya baya, saboda haka in aka ce kalmarsa kaɗai ta isa, dukiyar jama'a za ta tafi a banza. Duk wanda ya taɓa barin abin hawansa a gareji ya san wannan dalili bai tsufa ba.

Mai motar haɗin gida, abin da ya sa lamarinsa ya fi nauyi shi ne duk waɗannan hukunce-hukunce a kansa suke haɗuwa. Motar da ta fito daga kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, alhakinta a rarrabe yake: wani ya zana, wani ya gwada, wani ya ɗaure, wani ya duba kafin ta bar ƙofa, kuma in wani abu ya ɓaci ana iya bin sawu. Wanda ya haɗa tasa a ƙofar gida shi ne mai zane, shi ne maƙeri, shi ne mai dubawa, shi ne mahayi. A Ingila, inda haɗa mota a gida tsohuwar sha'awa ce, ba a ba irin wannan mota lamba sai jami'in gwamnati ya duba ta gaba da baya. A nan akwai jami'an duba lafiyar motoci, akwai Hukumar Kiyaye Haɗura da aka kafa a 1988, amma motar da ke zirga-zirga tsakanin gona da kasuwa a ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, irin su Sisawa, tana iya ƙare rayuwarta ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin sauƙi. A ma'aunin addini ƙari ne, don dubawar da hukuma ba ta yi ba ba ta ɓace ba, ta dawo kan mutum ɗaya ne, kuma ba shaida sai Allah.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ita ce ta talauci, kuma bai kamata a yi mata gatse ba. Manomin albasa ko tafarnuwa a fadamar Rima, wanda ya ci bashin taki da man ban-ruwa, in aka ce masa ya jefar da wayar da za ta gyaru, an umarce shi da almubazzaranci, wanda shi ma haramun ne. Ƙari a kan haka, sabo a kasuwarmu ba lallai ne ya zama nagari ba. Jabu ya cika kanti, har ta kai mutane sun fi amincewa da tsohon kaya ɗan Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fantekar Kaduna a kan wanda ke cikin leda yana ƙyalli. Duk wannan gaskiya ne, sai dai goyon bayan abin da nake faɗa yake yi. Da ina cewa sabuwa wajibi ce, faci haramun ne, da talauci ya karya maganata. Abin da na ce wajibi shi ne neman dalili, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi: a kawar da kube daga salansa, a sassauta kwana, a sa ɗigon giris a gurbin kai, a ɗaure noti ɗaya da zai tare feda. Mai kuɗi ne ma yake iya yin jahilci ya wanye lafiya, ya yi ta sayen waya duk wata. Talaka ba shi da wannan gatan, shi ya fi kowa bukatar sanin abin da ke cin wayarsa.

Akwai kuma facin bakin hanya, wanda ba a yin sa don an san dalili, sai don dare na yi. Shi ma yana da hurumi, kuma a gabashin Sakkwato huruminsa ya faɗaɗa. Tun bayan da 'yan bindiga suka addabi yankin, har suka auka wa kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 suka kashe mutane da dama, tsayawa a daji da mota matacciya ya tashi daga wahala ya koma haɗarin rai. Direban da ya ƙulla wayar, ko ya matse ta da noti da kusa, ko ya tayar da motar a giya ɗaya ya riƙa sauya giya da kunne ba tare da kuloci ba don ya fitar da mutane, ya yi abin da ya kamata, har a yaba masa. Amma ƙa'idar malamai ita ce larura gwargwadonta ake auna ta. Irin wannan faci taimama ce: ta inganta, an yi salla da ita ba ramuwa, amma wanda ya iso bakin gulbi ba ya ci gaba da buga hannu a ƙasa. Matsalarmu ita ce ƙullin da aka yi don a kai Goronyo yakan kai wata uku a jikin mota. Kullum a ce a yi maneji zuwa ranar kasuwa, ranar kasuwa ta zo a ce ai ta riƙe. Riƙewar kuma ba shaidar lafiya ba ce, sauran silin da bai mutu ba ne yake aiki.

Wani zai ce an cika zuzuta abu, ai kuloci ba birki ba ne. In ya mutu mota tsayawa take yi. Sau da yawa haka ne, shi ya sa ma hukuncinsa ya fi na birki da sitiyari sassauci, waɗanda ba na ganin an yarda a ɗauki mutum a kansu da faci na wucin gadi sai don tserar da rai. Amma a duba yadda kuloci yake. Sifirin ɗinsa kullum neman haɗa inji da taya yake yi, wayar ce ke hana shi. Lokacin da wayar ta fi ɗaukar nauyi shi ne lokacin da direba ya danne feda, wato yana tsaye, giya a ciki, inji na aiki. In ta saki a wannan hali, ko motar ta mutu, ko ta zabura gaba. Kuma ina ake tsayawa da giya a ciki? A bakin kasuwa, a cikin tasha, a gaban makarantar allo inda yara suka kewaye sabuwar mota suna kallo. Taku biyu na zabura sun isa.

Daga nan maganar ta shiga haƙƙin wani. Mutum yana da ɗan sarari a kan abin da zai jawo wa kansa, ko da yake ransa ma amana ne. Ba shi da wannan sarari a kan fasinja, domin fasinja bai ga wayar ba, ya shiga ne bisa zaton lafiya. Haka wanda aka ara wa motar, haka yaron da aka ce ya matsar da ita, haka mai saye. Fiƙihu ya ba mai saye damar mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye, ya kuma kira ɓoyewar algus. Hadisin da ya zo a kan mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, bai yi maganar cewa hatsin ya cutar da kowa ba. Ɓoyewar kanta ce laifin. Bakanike da ya yi faci ya ce wa mai mota, "Alhaji, wannan za ta kai ka gida, amma gobe ka dawo mu duba abin da ke cin ta," ya fita daga alhaki. Wanda ya yi irin facin, ya tura shi cikin kube inda ido ba ya kai, ya karɓi kuɗin sabuwa, aikinsu ɗaya a ƙarfe, hukuncinsu ya sha bamban. Akwai na uku, wanda bai yi ƙarya ba amma bai san abin da yake yi ba, ya kuma karɓi aikin. Shi ma malamai sun yi maganarsa a babin wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da likitanci ba: biya yana kansa.

Saura tsoron cewa irin wannan tsanani zai kashe wa matasa gwiwa, a ƙasar da ba ta da masu ƙirƙira da yawa. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma Wurno ce wurin da ya fi dacewa a tuna da ita. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da garin ribaɗinsa, ya rasu a can a 1837 kuma can kabarinsa yake, ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji a Usulus Siyasa cewa yana cikin aikin shugaba ya raya masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da kafintoci, ya kuma tabbata kowane gari yana da su. Ya yi littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen neman abin kai. Saurayin da ke haɗa mota a wannan ƙasa yana kan turbar da aka shimfiɗa masa tun tuni, kuma raina shi kuskure ne. Sai dai tafi da ɗaukar hoto ba su ne raya sana'a ba. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a 2007, duniya ta yi ta labarinsa, jirgin kuwa bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne ga gwajin farko. Jelani Aliyu, ɗan jihar Sakkwato da ya shiga General Motors a 1994, ya zana siffar Chevrolet Volt, aka kuma naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Najeriya a 2017, ya yi aiki ne a inda ake gwada kowane ƙarfe har ya karye, a rubuta abin da ya karya shi, kafin a yarda mutum ya zauna a kai. Abin da ke kai mai haɗi daga mota ta farko zuwa ta biyu mai kyau shi ne wannan tambayar da muke cewa wajibi ce. Wanda ya jefar da tsinkakkiyar waya bai duba bakinta ba, ya jefar da darasin da ya riga ya biya kuɗinsa: in silin sun tsinke a jere kusa da kai, gajiyar lanƙwasa ce, in sun siranta suna ƙyalli, guga ce, in sun yi shuɗi robar ta narke, zafi ne ko wuta.

Ba a ce mutum ya san gaibu ba. Akwai wanda zai duba, ya gyara hanya, ya sa waya mai kyau, ya gwada motar shi kaɗai a fili kafin ya ɗauki kowa, sannan wani aibi da ke cikin ƙarfen tun daga masana'anta ya bayyana a mummunan lokaci. Wannan shi ne tsautsayi na gaskiya. Zunubi babu a kansa, ko da yake in dukiyar wani ta ɓaci ko jini ya zuba, alƙali na iya ɗora biya, don ɗauke zunubi daban, mayar wa mutum haƙƙinsa daban. Mai wuyar sha'ani shi ne wanda ya bincika ya gano dalilin, amma gyaran ya fi ƙarfin aljihunsa a yanzu, misali sai an sake fasalin feda gaba ɗaya ko an matsar da inji. Shi ba a ce ya jingine motar ta yi tsatsa ba. Yana iya kai ta gona ya kwaso buhunansa, yana tsayawa da giya a sake, yana shafa kan wayar kowace safiya kafin ya kunna. Abin da ba shi da izni a kai, har sai ya tara kuɗin gyaran, shi ne ya loda mata da yara zuwa Achida ranar kasuwa, ko ya miƙa makulli ga ƙanensa bai gaya masa abin da ya sani ba.